Hukuncin barin yara su ziyarci baje kolin tarihin Anne Frank

Tambaya: Malam, ina zaune a Jamus da iyalina. Makarantar 'yata za ta kai ɗalibai wani baje kolin tarihi da ake yawo da shi gari-gari, kan iyalin Anne Frank, Yahudawan da suka ɓuya wa 'yan Nazi, wato mutanen Hitler. Zuciyata ba ta kwanta ba saboda abin da ake yi wa Falasɗinawa. Shin ya halatta in sa hannu a takardar izini?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ya halatta ka sa hannu, ɗan'uwa, domin asali a irin waɗannan al'amura halacci ne matuƙar babu nassin da ya hana, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen azzalumai ya kasance.

Abin da ake nunawa a can labarin zalunci ne tabbatacce. Iyalin sun bar Frankfurt bayan Hitler ya hau mulki a 1933, suka zauna a Amsterdam. A watan Yulin 1942 suka ɓuya a wasu ɗakuna na bayan ofishin mahaifin, inda aka toshe ƙofar shiga da kantar littattafai, su takwas har da wasu da suka haɗu da su, ba su taka waje ba sama da shekara biyu. An kama su a Agustan 1944, yarinyar, wato Anne, ta mutu a sansanin tsare mutane na Bergen-Belsen a farkon 1945 tana da shekara 15, kuma mahaifinta Otto kaɗai ya tsira.

Damuwarka kan Falasɗinu tana kan hanya, sai dai ba ta canza hukuncin ba. Yarinyar nan ta rasu shekara uku kafin a kafa Isra'ila a 1948, kuma Allah Ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawa, da aka ce masa ta Bayahude ce sai ya ce: "Ashe ba rai ba ce?" Ai ko a wancan lokacin na Yaƙin Duniya na Biyu, iyalan Musulmi a Albaniya sun ɓoye Yahudawa a gidajensu, haka ma likitan Masar Mohammed Helmy a Berlin.

Hotunan da ke wurin na karantarwa ne, mafi yawan malaman zamani ba su ga laifinsu ba. Idan aka haɗa ziyarar da addu'a ko wata ibada ta wani addini, 'yarka ta tsaya gefe cikin ladabi. Idan kuma aka nemi a kafa hujja da wannan tarihi don halasta kashe fararen hula a Gaza, wannan ɓata ce, kuma aikinka ne ka zauna da ita bayan ta dawo ka warware mata. Wallahu a'alam.