Kuɗin ƙungiya a asusun ƙaninka? Ajiye fom ɗin tallafin nan tukuna

Wani mai kemis a nan Kano ya turo min tambaya. Shi da abokansa 'yan kasuwa su 12 suna karo-karon dubu 10 kowa duk wata, shekara huɗu ke nan, suna biya wa marasa ƙarfi a unguwa kuɗin magani da awon ciki, wani lokacin har tiyata. Yanzu ya ji gidauniyoyi na ba da tallafin lafiya, yana so su nemi miliyan 40 su gina ƙaramin asibiti, kemis ɗinsa ya riƙa kawo magani. Kuɗin ƙungiyar a asusun ƙaninsa suke, wai yaro ne mai amana. Tambayarsa ita ce wa zai rubuta musu takarda da Turanci mai kyau.

Malam, Allah ya saka muku da alheri, aikin lada kuke yi. Amma wallahi Turanci ba shi ne matsalarka ba, ko farfesa ka ɗauko daga BUK ya rubuta maka takardar nan ba inda za ta je. Matsalarka tana cikin layin da ka rubuta kamar ba komai ba, wato kuɗi na asusun ƙaninka.

Ni ban ce yaron ɓarawo ba ne, ban san shi ba, ƙila ya fi ni da kai tsoron Allah. Amma gidauniya ba ta san shi ba, kuma ba za ta zo unguwa ta tambayi liman halinsa ba, takarda take karantawa. Abu na farko da za su ce ka kawo bayan takardar rajista shi ne bayanin shige da ficen kuɗi na banki da sunan ƙungiya, na shekara ɗaya ko biyu, da rahoton odita. To me za ka miƙa musu? Takardar asusun saurayi wadda a ciki akwai kuɗin data, da tiransifar da ya yi wa budurwarsa, da cire dubu biyar a POS, sai can tsakiya dubu 80 na tiyatar wata baiwar Allah da babu rasit? Lissafa da kanka, dubu 120 a wata, miliyan 1.44 a shekara, shekara huɗu kun haura miliyan biyar da rabi. Wannan tarihi ne mai kyau da ƙungiyoyi da yawa ba su da shi, amma a idon mai ba da tallafi ko sisi ba ku taɓa kashewa ba tunda babu shaida.

Na taɓa zama da wata ƙungiyar mata masu taimakon marayu da masu jego, aikinsu ya fi naku ma, har sun tsallake matakin farko an ce za a zo a duba su. Kuɗinsu na hannun mijin shugabar, shi ma mutumin kirki kowa ya shaida. Kwana uku kafin baƙin su zo aka ce ya ciro takardar banki, sai ya fara kame-kame, ashe gabanin Babbar Sallah ya ɗebi kuɗin ya saro raguna da niyyar ya sayar ya mayar har da riba, raguna suka yi kwantai. Bai yi niyyar ci ba, aro ya yi bai faɗa ba, kuma haka abin yake faruwa kusan kullum. Tallafi ya wuce su, ƙungiya ta rabe biyu, matar nan kuma ba ta iya kai mijinta ƙara ba, wa zai kai uban 'ya'yansa? Kai ma ka tambayi kanka, ranar da dubu 300 suka yi ɓatan dabo za ka iya tsayar da ƙaninka gaban mutum 11, ko Hajiya za ta kira ka ta ce a rufa asiri?

Abin yi ba wuya sai dai yana cin lokaci. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin ƙungiya mai amintattu, sashen F na dokar CAMA ta 2020, ba rajistar sunan kasuwanci irin ta shagonka ba, mutane da yawa nan suke yin kuskure. Za a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ka ware kuɗin lauya da na jarida, ya danganta da wanda ka samu. Sai takardar SCUML, sashen hana wanke kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, banki zai tambaye ta, da TIN, wato lambar haraji, sannan a buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, kuma dan Allah kada biyun nan su zama kai da ƙaninka, an gudu ba a tsira ba ke nan. Littafi guda, kowane mara lafiya kwanan wata, asibitin da aka kai shi, abin da aka biya, rasit a maƙale. Ƙarshen shekara akanta mai lasisin ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ya duba ya buga hatimi.

Maganar kemis ɗinka ya kawo magani kuwa, cuta ɗaya ce da ta asusun ƙani, aljihunka da na ƙungiya sun haɗe. Shugaban ƙungiya yana sayen kaya daga shagon kansa da kuɗin tallafi, duk mai duba takarda da ya ga haka zai ja jan biro. In jari kake nema wa shago ka faɗa kai tsaye, akwai gidauniyar Tony Elumelu da ke ba ƙananan 'yan kasuwa dala 5,000 tun 2015, can ne layinka, kada ka shigo da neman jari ta ƙofar marasa lafiya.

Miliyan 40 ɗin nan ma ka sauke ta. Kuɗin da kuke tarawa na kusan shekara 28 ke nan, wa zai danƙa wa wanda bai taɓa riƙe miliyan biyu a lokaci guda ba wannan? Kuma gini ne mafi sauƙi a harkar asibiti, bayansa akwai lasisin PHIMA, hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu a Kano, da albashin likita da nas duk wata, man janareto, wa zai biya bayan tallafi ya ƙare? Irin gidauniyar TY Danjuma da aka kafa a 2009, ƙungiyoyi masu rajista take ba tallafin lafiya da ilimi, kuma aiki ƙayyadadde irin waɗannan wurare ke so, mai farko da ƙarshe da adadin mutane. Ka ce awon ciki da kayan haihuwa na mata 150 a shekara ɗaya, ko gwajin hawan jini da suga a unguwanni uku, miliyan biyu zuwa uku. Kafin nan ma ku leƙa Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha da attajiran kasuwannin Kwari da Singa da suka san ku, ƙaramin abin da suka bayar in ya shiga asusun ƙungiya da rasit shi ma shaida ne. Duk wanda kuma ya ce yana da hanya a ciki ka ba shi dubu 50 na fom ko kashi goma in kuɗi sun fito, ka toshe lambarsa.

Satin nan ka kira ƙaninka gefe, ba a gaban mutane ba, ka ce masa sharaɗin masu tallafi ne ba zargi ba, ku je banki tare a ciro bayanin shekara huɗun gaba ɗaya, ku zauna da sakatare da jan biro ku ware na ƙungiya daga nasa. In lissafi ya cika, alhamdulillahi, a kwashe a sa a sabon asusu. In ya fara ce maka manajan baya nan ko sabis ba kyau, sake turo min saƙo.