In sayar da gidana na Kano in koma ɗan ƙaramin gida a bakin dam ɗin Tiga?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa. Ina da gida mai ɗaki huɗu a cikin Kano, yara duk sun yi aure, daga ni sai uwargida. Ina gani a waya yadda Amurkawa ke barin manyan gidaje su tare a 'yan ƙanana a bakin tafki. Ina so in sayar da nawa, in sayi fili a bakin dam ɗin Tiga, in ajiye kwantena in gyara ta, sauran kuɗin in ƙara jari. Ranar da ba ma nan in ba masu zuwa hutu haya. Yaya kuka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Sha'awar ba ta da laifi, amma kada ka sayar da gidan. Za ka ba da kadarar da darajarta ke bin farashin ƙasa a Kano, ka karɓi akwatin ƙarfe wanda tun ranar da aka yanka masa taga kuɗinsa ke raguwa. Akwai hanyar samun bakin ruwan ba tare da wannan musayar ba.

Abin da kake gani a waya yana da tsarin da ke riƙe da shi a can. A ƙa'idar gini ta 2018 da jihohin Amurka da dama ke aiki da ita, ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, wato kusan murabba'in mita 37. Masu tayoyi ana tsayar da faɗinsu a ƙafa 8 da rabi don su iya bin titi. Da yawansu a filin haya ake ajiye su, inda an riga an ja ruwa da wuta da bututun bayan gida, mai gida sai dai ya jona. Duk da haka bankuna ba sa son ba da bashin gida a kansu, sun fi ɗaukarsu kamar abin hawa. A Tiga kai ne hukumar ruwa, kai ne kamfanin wuta, kai ne mai gyaran hanya.

Mu fara da filin, domin nan ne kuɗi ke nutsewa. An gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ce ke kula da shi. Ƙasar da ke dab da ruwan manyan madatsu galibi gwamnati ta karɓe ta tun lokacin gini. Manomi yana iya shekara talatin yana noma wuri ba tare da yana da ikon sayar da shi ba, kuma ba lallai yaudara yake nufi ba, shi ma a haka ya gada. Takardar dagaci da shaidu huɗu tana hana rigima da maƙwabta, ba ta hana hukuma rushe gini. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna, ƙaramar hukuma tana ba da izinin zama na gargajiya a karkara, kuma gwamna yana iya soke izini don amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta abin da ka gina ko ka shuka ce. Don haka kafin ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami, ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin ya fitar da lambobinsa, ka kai su hukumar kogunan a tabbatar maka a rubuce cewa wurin yana wajen iyakarta, sannan ka bincika a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, ko akwai wani mai takarda a kansa. Dillalin da ya ce maka “nan ba a buƙatar wannan” la'adarsa yake karewa.

Ka kuma ga filin sau uku, ba sau ɗaya ba. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba za ka ga inda ruwa ke kaiwa idan dam ya cika, da yadda hanyar burji ke zama bayan ruwan sama. A Afrilu za ka ga ruwan ya ja baya ya bar taɓo. A Janairu kuwa hazo yana iya rufe tafkin kwana da kwanaki, abin da ka saya don kallo ba ka ganinsa. Kada ka sayi fili a ƙasan bangon dam ko a bakin mafitar ruwa komai araharsa. Dam ɗin Bagauda da ke kusa ya ɓalle a 1988, ruwan na Alau ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024. Tudu za ka nema, ko da da nisa kaɗan. Tsoffin mazauna ƙauyen za su nuna maka iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ka ƙara tazara a kan abin da suka nuna.

Sai kwantenar. Mai ƙafa 20 cikinta kusan mita 5.9 ne a tsawo da 2.35 a faɗi, murabba'in mita 14 ke nan, ɗaki ɗaya na gidan haya. Mai ƙafa 40 tana ba da kusan 28. Wannan kafin a yi mata rufin hana zafi. A Afrilu zafin Kano yana kai maki 40, ƙarfe kuwa tanda ne. Dole a liƙa soso ko audugar gilashi mai kauri aƙalla santimita 5 a kowane bango, a rufe da allo, faɗin ya dawo kusan mita 2.2. Gado mai ƙafa shida yana cin mita 1.8, ka ga abin da ya rage na wucewa. Dole kuma a yi mata rufin kwano na biyu, a bar tazarar kusan rabin mita don iska ta ratsa, a fitar da shi ya zama rumfa ta gefen ruwa. A rumfar nan za ku yi yawancin zamanku, kada ka tsuke ta.

Ƙarfin kwantena a kusurwoyinta huɗu yake da kuma lanƙwasar bangonta. Duk inda aka yanka ƙofa ko babbar taga, wadda kuma ita ce dalilin zuwanka, sai mai walda ya zagaye wurin da ƙarfe mai kauri, in ba haka ba rufi ya lotsa, ruwa ya kwanta, tsatsa ta ci. A ɗora ta a kan ginshiƙan kankare don kada gindinta ya taɓa damshi. Katakon daɓenta yakan zo da maganin ƙwari, a cire shi ko a shafe shi da fenti mai toshewa a shimfiɗa tayil. Mai ƙafa 40 tana kusan tan huɗu ba kaya, sai tirela da motar ƙugiya, kuma sai da rani. Idan ka tara kuɗin saye da dako da walda da rufi biyu, sau da yawa ginin bulo na ciki da falo mai murabba'in mita 35 ya fi sauƙi, ya fi sanyi, kuma magina na kusa za su iya gyara shi. Ni a ganina bulon jan ƙasa da ake matsewa da inji ya fi dacewa da wurin, muddin aka ɗaga tushensa da siminti saboda damshi da gara.

Mutane suna zaton gida kashi ɗaya cikin biyar zai ci kuɗi kashi ɗaya cikin biyar. Ba haka ba ne. Ɗakunan da ka rage su ne masu araha, bango huɗu da fanka. Masu tsadar, wato kicin da banɗaki da wuta da ruwa da katanga, suna nan yadda suke.

Ɗauki wuta. Ƙaramin firij yana cin kusan yunit ɗaya a rana, fanka biyu na awa goma yunit 1.2, ƙwan fitila da talabijin da cajin waya kusan 0.8, injin tura ruwa mai ƙarfin rabin doki na awa ɗaya 0.4. Jimla kusan yunit 3.5. Wannan faifan sola uku masu wat 400 da batirin litiyum mai yunit 5 za su ɗauka. Da zarar ka ƙara na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya ta kwana tana aiki, ka ƙara yunit biyar zuwa shida, kayan sola sun ninka fiye da sau biyu. Masu biyan kuɗin hutu kuwa ba za su kwana a Afrilu da fanka kaɗai ba.

Ruwa kuma, ganin tafki ba ya nufin kana da na sha. Mutum biyu a lita 50 kowanne, lita 100 ke nan a rana, tanki mai lita 2,000 zai yi muku kwana ashirin. Nauyinsa cike tan biyu ne, a yi masa nasa dakalin, kada a ɗora shi a kan kwantena. Rijiyar burtsatse ita ce mafita, amma yankin ƙasar dutse ce, a biya masu gwajin ƙasa kafin a kira injin haƙa. Ramin sokawe ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiyar, kuma ya kasance ta gangare. Ruwan dam kada a yi wanka da shi kai tsaye, tsargiya daga dodon koɗin bakin irin wannan ruwa take fitowa. Sauro kuwa, raga a kowace taga ba ado ba ce.

Yanzu kasuwarka. Daga Tiga zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, zuwa da dawowa 140. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 14 a rana, a kwana 26 lita 364. Ka ninka da farashin fetur na yau ka ga ko bai kai hayar wani gida a cikin gari ba, ban da taya da gyara da awannin da za ka yi a hanyar Zariya. In ka ce yaran shago su riƙe, ka fi ni sanin abin da ke faruwa da bashi da lissafi a shagon da maigida ke leƙawa sau biyu a mako. Kuɗin gidan da za ka zuba a shadda ma ka dube shi da kyau: kaya suna bin canjin dala da yayi, gidan kuwa shi ne abin da za ka jingina da shi idan gobara ko faɗuwar kasuwa ta zo, Allah ya kiyaye.

Akwai kuma abin da bidiyon bai nuna ba. Gidanka na Kano nan 'ya'ya da jikoki ke sauka da salla, nan ɗiya ke zuwa wankan jego, nan baƙin ƙauye ke kwana. A murabba'in mita 28 ba zaure, ba inda Hajiya za ta keɓe idan abokanka sun zo. Ka yi shawara da ita tun kafin ka nemi safiyo, domin ita za ta wuni a can.

Maganar ba da haya, ka lissafa ta da ƙarancin zato. Masu zuwa hutu ƙarshen mako suke zuwa, dare 104 ke nan a shekara. A ce rabi ya cika, dare 52. A ce kana karɓar naira 40,000 a dare, misali ne kawai, ka samu miliyan biyu da dubu tamanin. Cire albashin maigadi na wata goma sha biyu, domin gidan da ke da sola a daji ba a barinsa ba kowa, cire mai shara da wanki, da ajiyar canjin batir da fenti. Abin da ya rage ka raba shi da jimlar abin da ka kashe. In bai kai ribar da kuɗin zai kawo a shago ba, to wurin hutawa ka gina, ka ɗauke shi a haka. Ka kuma tuna daren da baƙi ke so su ne daren da kai ma kake so, kuma sai ka tsara wa za ka karɓa, don mutuncinka a wurin mutanen ƙauyen.

Ga yadda zan jera maka aikin. Ka raba gidan Kano, ka riƙe ɓangare ɗaya, ka ba da sauran haya. Da kuɗin hayar ka kama ɗaki a garin Tiga na shekara guda, ku riƙa zuwa ku kwana, har da damina da tsakiyar zafi, kana rubuta abin da kuke kashewa. Idan shekara ta zagayo kuna son wurin, ka sayi filin da takardunsa suka tsaya, ka fara da rijiya da katanga da bishiyoyi, sannan ciki da falo da rumfa mai faɗi. Ka sa wa aikin duka iyakar kuɗin da in ya salwanta shago ba zai girgiza ba, ka ware kashi 20 cikin ɗari na kasafin don abin da ba a zata ba, musamman hanya da haƙar ruwa. Tushen ginin kuma a zuba shi yadda zai ɗauki ƙarin ɗaki ɗaya nan gaba.