Ƙaiƙayin gaba a jikin ƙaramar yarinya: me za a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata mai shekara 5 tana yawan sosa gabanta, wurin ya yi ja, in za ta yi fitsari sai kuka. A kemis an ce ciwon sanyi ne, aka ba ni Canesten da wani man shafawa mai haɗi uku. Kakarta kuma ta ce in riƙa zaunar da ita a ruwan bagaruwa da Dettol. Wanne zan bi? Maman Ilham, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ki ajiye su duka tukuna.

Jikin yarinyar da ba ta balaga ba daban yake da naki. Sinadarin estrojin da ke kaurara fatar wurin bai fara aiki ba, shi ya sa fatar ba ta da kauri, abu kaɗan ke sa ta yi ja. Ga shi kuma dubura tana kusa. Yawancin irin wannan ƙaiƙayi ba wata cuta ba ce da aka ɗauko a masai. Sabulu mai ƙamshi ne, ko ragowar omo a wanki, ko wandon roba mai matsewa da aka wuni da shi cikin zafi, ko tsarki daga baya zuwa gaba. Ki tsaya ki kalli yadda take riƙe buta: yara da yawa da hannu ɗaya suke shafo baya su dawo gaba.

Canesten maganin fangas ne, shi kuwa fangas ba kasafai yake kama yarinyar da ta daina saka famfas ba, sai in ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan ko tana da ciwon suga. Man nan mai haɗi uku yana da sitiroyid, in aka daɗe ana shafawa yana ƙara sirantar da fata. Dettol kuwa ƙona wurin zai yi. Ki lallaɓa Hajiya, a bar bagaruwar ma.

Abin saye ba shi da tsada: wandunan auduga masu yalwa da kwalbar Vaseline marar turare. Ki zaunar da ita a baho da ruwan ɗumi zalla minti 10 zuwa 15, safe da yamma, ki tsane wurin da tawul mai laushi ba tare da gogewa ba, sannan ki shafa Vaseline. Da dare ta kwana ba wando. In za ta yi fitsari ta buɗa ƙafafu sosai.

In ƙaiƙayin ya fi tashi da dare, ki haska tocila a duburarta bayan ta yi barci. Kina iya ganin ƙananan tsutsotsi farare kamar guntun zare. Maganinsu mebendazole ko albendazole, a maimaita bayan mako 2, a ba duk mutanen gida, a yanke farce, a wanke zannuwan gado.

Amma akwai inda ba a jira. In kin ga jini, ko ruwa kore ko rawaya mai wari, ko zazzaɓi, ko gyambo, ko an yi mako guda ba sauƙi, asibiti za ki kai ta a duba, a gwada fitsari da ruwan. Ƙwayar sitiref ta ciwon maƙogwaro tana iya bin yatsu ta sauka can, sai likita ya rubuta amoxicillin na kwana 10. Wari mai ƙarfi da ya ƙi tafiya sau da yawa guntun tishu ne ya maƙale ciki, kada ki zura komai don cirowa. In tana wanka a rafi ko dam, ki faɗa wa likita, saboda tsargiya.

Abu ɗaya kuma da nauyinsa nake faɗa: wasu cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, irin su gonoriya, alama ce cewa wani ya taɓa yarinya. Ki tambaye ta a hankali, ku biyu kaɗai, ba tsawa ba duka. In ta faɗi wani abu, ki yarda da ita, ki kai ta asibiti a ranar kafin a yi mata wanka.