Tambaya da Amsa: Yaƙin sama na cikin fim, gaske ne ko ƙari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun da muka kalli Top Gun: Maverick musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu. Ni na ce duk siddabarun kwamfuta ne, abokaina kuma sun kafe cewa haka ake yaƙi a sama. Har ɗayansu ya ce sojan sama zai shiga. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kana da taka gaskiyar, amma ta abokanka ba ƙarama ba ce, don haka bari in fara da tasu.

Jiragen da jaruman suke ciki na gaske ne. A fim ɗin na 2022 an yi hayar F/A-18 Super Hornet daga sojojin ruwan Amurka, kowace awa ana biyan sama da dala 11,000. Ɗan wasa yana kujerar baya, kyamarori shida a cikin jirgin, huɗu na kallonsa, matuƙi soja yana gaba shi ke tuƙi. Tom Cruise da kansa, duk da yana da lasisin tuƙa jirgi, ba a bar shi ya tuƙa waɗannan ba. In ka sake kallo, ka lura da fuskokinsu lokacin da jirgi ya sha kwana: kumatu su zubo, idanu su firfito, numfashi ya koma gajere-gajere. Wannan ba ƙwarewar wasa ba ce, wahala suke sha. A irin wannan kwana nauyin mutum kan ninka har sau bakwai, mai kilo 70 ya ji kamar ya doshi 500. Jini ya gangaro daga kai zuwa ƙafafu, gani ya fara dushewa ta gefe-gefe, in bai ɗaure ciki da cinyoyinsa ba sai dai ya sume. Shi ya sa suke sa wani wando mai hura iska da ke matse ƙafafu.

Kai kuma inda ka yi daidai: tsohon jirgin nan F-14 da aka sato a ƙarshen fim, da jiragen abokan gaba, kwamfuta ce ta zana su a kan wasu jirage. Amurka ta yi wa F-14 ritaya tun 2006. A fim na farko ma, na 1986, abin da aka kira MiG-28 babu shi a duniya, F-5 ne na Amurka aka shafa wa baƙin fenti. Batun jirgin da ya ninka gudun sauti sau goma a sabon fim ɗin kuwa, mafi gudun jirgi mai matuƙi a irin wannan gwaji shi ne X-15, wanda ya kai ninki 6.7 a 1967. Jirgi ya tarwatse da mutum a wannan gudu, ya taso da ƙafarsa ya shiga gidan abinci ya sha ruwa, to wannan sai a fim.

Shi kansa yaƙin ne aka fi yi wa kwalliya. Bindigar Super Hornet tana fitar da harsashi 6,000 a minti ɗaya, amma abin da ke cikinta bai fi ɗari huɗu da 'yan kai ba. Yi lissafi: daƙiƙa huɗu ta ƙare. Yaƙin sama na yau da na'urar radar ake yin sa, a harba makami mai linzami daga nisan kilomita gommai, matuƙi bai ma ga wanda ya harba da idonsa ba. Kuma ba kullum ake yi ba. Lokacin da wani Super Hornet ya kakkaɓo jirgin Siriya samfurin Su-22 a watan Yunin 2017, rabon da jirgin Amurka ya harbo jirgi mai matuƙi tun 1999. Da yawa sukan yi ritaya ba su taɓa arangama da jirgin abokin gaba ba.

Ni wannan ƙarin ba ya damuna. Wa zai biya kuɗin kallo don ya zauna yana duban ɗigo a allon radar? Dole darakta ya matso da jirage kusa da juna su shiga hoto ɗaya, kuma in dai don nishaɗi ne, fim ɗin ya biya ni.

Abin da ban yarda da shi ba halin jarumin ne, mai kunnen ƙashi, ya karya doka, ya raina na gaba da shi, a ƙarshe a tafa masa. Makarantar gaske da ake yi wa laƙabi da Top Gun an kafa ta a 1969 ne saboda asarar da matuƙan Amurka suka yi a Biyetnam, kuma babu wani kofi da ake ci a can kamar yadda fim na farko ya nuna. Tashin awa ɗaya ake yi, a sauko a shafe sa'o'i ana tsefe kuskuren kowa ɗaya bayan ɗaya. Matuƙin da ya ratsa ta gefen hasumiyar filin jirgi don burge, daga ranar ya gama tuƙi. Ka kuma sani sojoji ba sa ba da aron jirginsu sai sun karanta labarin sun amince, kuma a 1986 har tebur masu ɗaukar sabbin sojoji suka kafa a ƙofar wasu gidajen sinima. Ka ga ke nan abokinka ba shi ne farkon wanda fim ɗin ya ja ba.

Kada ka kashe masa gwiwa, sai dai ka faɗa masa abin da zai tarar. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna, kuma a garin ake fara koya wa sojan sama tuƙi. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021 masu farfela ne, mazauninsu Kainji, aikinsu shawagi a kan daji da kai wa sojojin ƙasa ɗauki. Ya riƙe lissafi da kimiyya gam, sannan kafin ya sayi fom ya je asibiti a auna masa ido.