Wa ke riƙe da linzamin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a ƙananan garuruwan Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. A muhawarar 'yan sandan jihohi da ake yi a Najeriya, na ji ana cewa a Amurka ko ƙaramin gari yana da nasa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. To wa ke juya su? Magajin gari ne ke ɗauka ya kora yadda ya ga dama? (Daga wani malamin makaranta, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Amurka na da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kuma kusan rabin rundunonin garuruwa ba su kai jami'i goma ba. Kowace jiha da dokarta, don haka bari mu tsaya kan guda ɗaya: jihar Wisconsin, da garin Wauwatosa mai mutum wajen 48,000, wanda ke manne da birnin Milwaukee ta yamma.

A can an raba ikon gida uku. Kuɗi na hannun majalisar kansiloli: ita ke yanke kasafi da albashi da yawan guraben aiki. Aikin yau da kullum na hannun shugaban 'yan sanda da shugaban 'yan kwana-kwana, a ƙarƙashin magajin gari. Ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa kuwa na wata hukuma ce ta farar hula, Hukumar 'Yan Sanda da Kashe Gobara. Sashe na 62.13 na dokokin jihar ya wajabta wa duk birnin da ya kai mutum 4,000 ya kafa ta. Mutum biyar ne, magajin gari ke naɗa su, kowa shekara biyar, amma ɗaya kawai ake naɗawa a shekara, kuma ba a yarda fiye da uku su fito daga jam'iyya ɗaya ba. Uku suka hallara, zama ya yiwu.

Hikimar na cikin wannan "ɗaya a shekara". Sabon magajin gari ba zai wayi gari ya cika hukumar da yaransa ba. Sai ya yi naɗi uku kafin ya samu rinjaye, sai dai in wani ya ajiye kujera. Hukumar ce ke naɗa shugabannin rundunonin biyu, kuma ba a cire su sai da laifin da aka tabbatar. Shugaban runduna ke zaɓen na ƙasa da shi, amma sai hukumar ta sa hannu.

Tsarin ya faro ne a Milwaukee a 1885, a lokacin da duk magajin garin da ya hau ke sallamar 'yan sanda ya zuba magoya bayansa. Dattawan Arewa da suka ga zamanin 'yan dokan En'e, da ƙorafin da 'yan NEPU suka yi ta yi a kansu kafin a narkar da su cikin rundunar tarayya a mulkin Gowon, sun san irin cutar da ake neman maganinta.

Tambaya: Idan ɗan sanda ya zalunci mutum a irin wannan gari, ta yaya zai kai ƙara, kuma ana hukunta su da gaske? (Daga wata lauya, Kaduna)

Amsa: Barista, hanya biyu ce, kuma mutane kan haɗa su su rikice. Ta farko ita ce kai ƙorafi ofishin 'yan sanda, shugabansu ya bincika a cikin gida. Ta biyu ita ce shigar da tuhuma a gaban hukumar. Doka ta ba mutum huɗu wannan dama: shugaban runduna, ɗaya daga cikin 'yan hukumar, hukumar baki ɗaya, ko duk wanda abin ya shafa.

Tuhumar sai a rubuce, a miƙa wa shugaban hukumar, a kai wa jami'in kwafi. Daga ranar da aka ba shi takarda, ba za a zauna kafin kwana 10 ba, ba kuma za a wuce kwana 30 ba. Zaman a bainar jama'a ake yin sa, kowane ɓangare na iya zuwa da lauya, kuma ana iya tilasta wa shaida halarta da sammaci. In an dakatar da jami'in kafin hukunci, albashinsa na ci gaba da shiga. Wannan kan fusata iyalan wanda aka zalunta, amma ba alfarma hukumar ta yi masa ba, haka dokar ta rubuta.

Kafin a hukunta shi, dole hukumar ta auna abu bakwai. Shin ya kamata a ce ya san abin da zai biyo bayan aikinsa? Ƙa'idar da ya karya mai ma'ana ce? An yi bincike kafin a tuhume shi? Binciken an yi shi da adalci? An samu hujja mai ƙarfi? Haka ake yi wa kowa, ko shi kaɗai aka sa a gaba? Hukuncin ya dace da girman laifin da tarihin aikinsa? Na shida na daga cikin inda shari'a ta fi rushewa. In lauyan jami'in ya nuna cewa wasu biyu sun yi irin laifin a baya aka ja musu kunne kawai, korar wannan zai yi wuya ta tsaya. Sakacin da shugaban runduna ya yi shekara biyar baya shi ke ɗaure hannun hukumar yau.

In laifi ya tabbata, hukumar na iya dakatarwa, ko rage muƙami, ko haɗa biyun, ko kora, kuma za ta ajiye hukuncin a rubuce cikin kwana uku. Jami'in na da kwana 10 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun gunduma. Wannan ƙofa tasa ce. Sashen bai buɗe wa mai ƙorafi irinta ba.

Raunin tsarin a bayyane yake. Talakan da ya shigar da tuhuma da kansa shi ne zai kawo shaidu da hujja, yana fuskantar lauyan ƙungiyar 'yan sanda. 'Yan hukumar kuma mutanen gari ne masu sana'o'insu, ba su da masu bincike na dindindin, yawancin abin da suka sani daga bakin shugaban runduna suka ji shi. Kuma da yake su ne alƙalai, ba a so su saurari maganar a gefe kafin zama, don kada a ce sun yanke hukunci tun ba a fara ba.

Abin da ya faru a Wauwatosa ya nuna iyakar ikonsu. Wani jami'i guda ya harbe mutum uku har lahira a 2015 da 2016 da 2020. Tun 2014 dokar jihar ta ce in mutum ya mutu a hannun ɗan sanda, masu bincike daga wata runduna dabam ne za su jagoranci binciken, kuma a duka ukun mai gabatar da ƙara na gunduma bai tuhume shi da laifi ba. Hukumar ta dakatar da shi a Yulin 2020, ta ɗauko tsohon lauyan gwamnatin tarayya ya bincika, shi kuma a Oktoba ya ba da shawarar a kore shi. Ba a kai ga zaman hukunci ba. A Nuwamba majalisar kansiloli ta amince da yarjejeniyar rabuwa, ya ajiye aiki aka biya shi, a farkon 2021 ofishin sherif (shugaban 'yan sandan gunduma) na gundumar Waukesha da ke maƙwabtaka ya ɗauke shi. Ikon hukumar a kan ma'aikacin garinta yake. Da ya ajiye kaki, ta gama da shi.

Tambaya: Ina garin ke samun kuɗin biyansu? Ba a matsa musu su tara kuɗi a kan hanya? (Daga wani direba, Maraɗi)

Amsa: Malam direba, ka taɓo wurin da ya fi ciwo. Tushen kuɗin shi ne harajin gidaje da filaye, da kason da jiha ke turowa. A Wisconsin an ɗaure harajin: gari ba ya ƙara shi fiye da gwargwadon sababbin gine-ginen da aka yi, sai in jama'a sun yarda ta ƙuri'ar raba gardama. Tsohon gari da ya cika, babu filin gini, albashi na hawa kuɗin shiga na tsaye.

Lissafin da kowane kansila ya kamata ya riƙe shi ne wannan: shekara awa 8,760 ce. Jami'i ɗaya ana biyansa awa 2,080, amma in aka cire hutu da jinya da horo da zaman kotu, abin da zai yi a kan titi bai fi 1,700 ba. Ke nan kujera ɗaya a motar sintiri, dare da rana, tana cin mutum biyar da ɗoriya. Garin da ya ƙi cike gurabe don tsimi, a kuɗin ƙarin lokaci zai biya, da gajiyayyun jami'ai.

Inda aka mai da tara hanyar samun kuɗi, Ferguson ce misali, wani gari mai mutum wajen 21,000 a wancan lokaci, a gefen St. Louis ta jihar Missouri. Bayan wani ɗan sandan garin ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, har lahira a ranar 9 ga Agusta, 2014, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta fitar da rahoto a Maris 2015. A 2010 tara da kuɗin kotu sun kawo wa garin dala miliyan 1.38 cikin miliyan 11.07. A kasafin 2015 an sa ran miliyan 3.09 cikin miliyan 13.26, wato kusan kashi 23 cikin ɗari. Jami'an kuɗi na gari ne ke rubuta wa shugaban 'yan sanda cewa a ƙara yawan takardun tara. A lokacin baƙar fata kashi 67 ne na mazauna, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota da kashi 93 na waɗanda ake kamawa. A nan waɗanda ya kamata su sa ido su ne suka ba da umarnin ɓarnar. Ƙarshenta jiha ta rage kason da gari zai iya samu daga tarar hanya daga kashi 30 zuwa 20, garin kuma ya shiga yarjejeniyar gyara a ƙarƙashin kotun tarayya a 2016. A ganinmu layin tara a takardar kasafi ya fi kowane jawabin shugaban 'yan sanda faɗin gaskiyar halin runduna.

Tambaya: 'Yan kwana-kwana fa, da me ake gane suna aiki ko ba sa yi? (Daga wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Alhaji, da agogo da kuma ruwa. Ma'aunin da ƙungiyar kare gobara ta ƙasar ta fitar wa rundunoni masu albashi, mai lamba 1710, ya ce daga shigar kira tashar zuwa fitar mota sakan 80 ne in gobara ce, 60 in mara lafiya ne. Motar farko ta iso cikin minti huɗu na tafiya, cikakkiyar tawaga cikin minti takwas, kuma a cika wannan a kashi 90 cikin ɗari na kira. Ba doka ba ce sai gari ya ɗauke ta, amma da ita ake awo.

Nan ake yi wa kansiloli wayo. Rahoto zai zo da matsakaicin lokaci, a ce minti biyar, kowa ya ji daɗi. Matsakaici na ɓoye unguwannin bakin iyaka da ake kai wa a minti goma sha ɗaya. A nemi alƙaluman kashi 90, unguwa-unguwa, kuma a tambaya daga yaushe agogon ya fara: daga ɗaga waya, ko daga tashin mota?

Mutum huɗu ake so a kowace motar ruwa, kuma da dalili. Ƙa'idar tsaron ma'aikata ta ce in biyu za su shiga gini mai hayaƙi, dole biyu su tsaya a waje cikin shiri don ceto su, sai dai in akwai ran da ke cikin haɗari a take. Garin da ya rage zuwa uku ya tsimi albashi, amma motar farko za ta iso ta shimfiɗa mesa ta jira ta biyu, wuta na ci.

Akwai kuma alƙali na waje. Wani kamfani mai yi wa masu inshora ƙididdiga yana ba kowane gari daraja daga 1 zuwa 10: maki 50 na runduna da kayanta da horonta, 40 na ruwa, 10 na cibiyar amsa kira, da ɗan ƙari na rigakafi. Gidan da ya wuce kilomita 8 daga tasha ko mita 300 daga famfon gobara darajarsa na faɗuwa, inshorarsa na iya tsada. Lura da makin ruwan nan: kashi 40 na hannun hukumar ruwa, ba 'yan kwana-kwana ba. Famfon da ba a gwada ƙarfinsa a kai a kai, ranar gobara ake gane ya toshe.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne gobara ba ta kai kashi 5 na kiran da ake yi musu ba. Kusan biyu bisa uku na marasa lafiya ne da haɗura, don haka motar asibiti da horon agajin gaggawa su ne rabin rigimar kasafi.

Tambaya: Me zai hana ƙananan garuruwan su haɗe su yi runduna ɗaya? (Daga wani ɗalibi, Kumasi)

Amsa: Wasu sun yi. A 1995 garuruwa bakwai da ke arewacin Milwaukee, ciki har da Glendale da Shorewood da Whitefish Bay, suka narkar da rundunoninsu na kashe gobara suka kafa ta North Shore. Ana raba kuɗin ne bisa yawan jama'a da darajar gine-gine da yawan kira, kuma a nan gardama ke tashi, tare da batun wace tasha za a rufe. Waɗanda ba su shirya haɗewa ba kan shiga yarjejeniyar agajin juna, irin wadda aka fara a garuruwan gefen Shikago a 1968: tun kafin gobara an rubuta a kati wace mota daga wane gari za ta fito a kira na farko, wace a na biyu, wa kuma zai zo ya tsare tashar da aka bari babu kowa. Haɗe 'yan sanda ya fi wuya nesa ba kusa ba, don kansiloli ba sa son sakin ikon cewa ga titin da za a yi wa sintiri.