Tambaya da Amsa: Ziyarar Kwana Biyu a Birnin Dabo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Jos, kuma ina so in kai 'ya'yana Kano su ga wuraren tarihi da idonsu, amma kwana biyu kacal muke da su. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma daga ina za mu fara?
Daga wata mai karatu a Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Tunda jikinku ya saba da sanyin Filato, ku shirya tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma yara ba za su jure yawon rana ba. Ku yi sammako, musamman idan direba zai bi ta Saminaka ya ratsa dajin Falgore, don ku isa da sauran rana.

Shawarata ita ce ku taƙaita ziyarar a cikin ganuwa, kada ku raba hankali tsakanin manyan kantuna da gidan zoo. Ku fara da hawan Dutsen Dala da sanyin safiya, inda Barbushe da jama'arsa suka zauna tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko. Daga samansa yara za su hangi Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, su ga yadda unguwanni suka kewaye dutsen, abin da zai sauƙaƙa musu fahimtar duk wurin da za ku shiga daga baya.

Daga nan sai Gidan Makama, inda aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Kusa da shi Gidan Rumfa yake, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina. Fada gidan zama ne, saboda haka a nemi izinin dogarai kafin a shiga ko a ɗauki hoto.

Rana ta biyu ku ba wa masu sana'a. A karofin Ƙofar Mata za ku tarar da marina zaune a bakin rijiyoyin rini, hannuwansu sun yi shuɗi, suna tsoma yadi a ruwan baba da toka, suna ɗaga shi ya sha iska, har launin ya kama. Ku saurari mabuga suna dukan yadin a kan gungume don ya yi ƙyalli. Ina roƙonku ku sayi ko da ɗan kwali ɗaya ne, domin rijiyoyi da yawa sun daina aiki, kuma ciniki ne yake riƙe da waɗanda suka rage. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma a zamanin Rumfa aka kafa ta, lungunanta matsattsu ne, don haka ku samu ɗan gari ya yi muku jagora zuwa wurin dukawa da masu kayan doki. A yi tayi cikin mutunci, kuma a daidaita kuɗin adaidaita sahu kafin a hau.

Kafin ku tashi daga Jos, ku kai yaran gidan tarihi na Jos su ga kwaikwayon ganuwar Kano da aka gina a can, domin badalar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu ta zaizaye ƙwarai, gine-gine sun cinye wurare da dama, abin da ke da matuƙar takaici.

Idan kuwa Hawan Daushe kuke sha'awar gani, ku tabbatar za a yi shi kafin ku kama hanya, domin a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan Sallah saboda dalilan tsaro, kuma masauki yakan yi wuya a lokacin.