Amsa ga mai neman magangarun ruwa da hanyoyin mota masu kyau: ka duba wata kafin ka duba hanya

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka inda kake cewa kana son ka ɗauki iyalinka a mota ku zaga magangarun ruwa a hutun da za ka samu, amma kana fargabar a maimaita abin da ya same ku a baya, lokacin da kuka yini a hanya kuka je kuka tarar da dutse tsirara, ɗan ruwa yana ɗiga a gefensa. Na san wannan takaicin sarai, na kuma san irin kallon da yara suke yi wa mutum idan ya yi musu alkawarin abin mamaki suka je ba su ga komai ba. Amma abin da ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba shi ne inda ka ce wani ya yi maka tayin shirya muku tafiyar gaba ɗaya, da mota da direba da ɗan jagora, muddin ka ba shi kafin alƙalami. Da na kai wannan layin sai da gabana ya faɗi.

Kafin in zo kan wannan mutumin, magangarar ruwa ba gini ba ce da za ka same ta yadda take ko yaushe ka je. Hoton da ake nuna maka an ɗauke shi ne a ranar da kogin ya fi cika, kuma ba wanda zai gaya maka watan da aka ɗauka sai ka tambaya. Gurara da ke Jihar Neja, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga hanyar Suleja zuwa Minna, tsayinta kusan mita 30 ne, kuma idan kogin ya cika faɗin ruwan yakan kai wajen mita 200. Wanda ya je a watan Satumba zai ji rugugin tun kafin ya fito daga mota, zai ga ruwa ja jawur yana rufe duwatsun baki ɗaya, feshinsa yana jiƙa riga daga nesa. Wanda ya je a watan Maris kuwa zai tarar da ruwan ya rabu gida gida yana bin tsagin dutse, har yana iya sauka ƙasa ya zauna a bakin tafkunan da suka rage. Dukansu Gurara suka je, amma ba abu ɗaya suka gani ba. A ganina lokacin da ya fi dacewa da mai iyali shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, domin ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa, ƙananan rafuka suna ci gaba da zuba a kogi ko da sama ta ɗauke, alhali hanyoyin ƙasa sun fara bushewa.

Wannan maganar ta bushewar hanya ita ce wanda ya shirya mana tafiya zuwa magangarar Farin Ruwa da ke Jihar Nasarawa ya ɓoye mana. Mutumin ya iya baki ƙwarai, yana da hotuna masu ɗaukar hankali, kuma na tambaye shi ƙarara ko ƙaramar mota za ta iya kai mu a watan Agusta, ya rantse cewa kullum da irinta yake kai mutane. Ya karɓi kuɗinsa cif, da sharaɗin cewa shi da kansa zai raka mu. Da safiyar tafiya sai ya turo wani yaro direba da ƙaramar mota, ya ce wai wani uzuri ya taso masa, za mu haɗu a Wamba. Muka bi ta Akwanga muka isa Wamba, babu shi babu dalilinsa. Direban kuma, kamar yadda ya faɗa mana da bakinsa daga baya, bai taɓa zuwa wurin ba, kwatance kawai aka yi masa.

Daga inda kwalta ta ƙare abin ya fara lalacewa. Hanyar ta zama taɓo, motar tana jan ciki a ƙasa, muna sauka muna turawa muna komawa. Da la'asar sakaliya muka iso wani rafi da ya ratsa hanya, direban ya dubi ruwan ya ce bai kai gwiwa ba, ya danna kai. Motar ta kafe a tsakiya, injin ya mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Har yau ina tuna yadda na ga takalmin ƙaramar 'yata yana yawo a kan ruwa a ƙarƙashin kujerar gaba, ita kuma ta naɗe ƙafafunta a kan cinyar mahaifiyarta ta yi tsit, ko kuka ta kasa. Na saɓa ta a kafaɗa na tsallaka da ita, na dawo na kama hannun sauran ɗaya bayan ɗaya, ruwan da aka ce bai kai gwiwa ba yana dukan ƙuguna, kuma yana ƙaruwa, saboda an yi ruwan sama a can kan tudu inda mu ba mu gani ba. Babu sabis a wurin. Na hau wani ɗan tsauni ina ɗaga waya sama har na samu layi ɗaya, na kira mutumin, ta yi ƙara bai ɗauka ba, na sake kira na ji ta a kashe.

Allah Ya saka wa mutanen ƙauyen da ke kusa da alheri, su ne suka zo da igiya da ƙarfin tuwo suka fito da motar bayan duhu ya shiga, suka kuma ba mu wurin kwana. Ba mu ga Farin Ruwa ba a wannan tafiyar. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Da na same shi daga baya, maimakon ya ba da haƙuri, sai ya ce wai ruwan sama ba a hannunsa yake ba, kuma ai yawon buɗe ido ya gaji haka. Mutumin da ya san akwai yara a motar, ya san halin hanyar a watan Agusta tun da sana'arsa ce, ya tura mu da yaron da bai san wurin ba, sannan ya kashe waya ya kwanta barcinsa. Na bar shi da Allah, amma ban daina jin zafin abin ba, kuma duk lokacin da na ga hotunansa suna yawo nakan yi tunanin iyalin wa zai tura gaba.

Saboda haka kada ka biya kowa kuɗin tafiya duka a gaba. Ka ga motar da idonka kafin ranar tafiya, ka yi magana da direban da kansa, ka tambaye shi yaushe rabonsa da hanyar da kuma inda kwalta take ƙarewa. Wanda ya san hanya zai ba ka amsa ba tare da inda-inda ba. Ɗan jagora kuwa gara ka ɗauke shi a garin da ya fi kusa da ruwan, domin shi ne ya san rafin da ya cika jiya da wanda za a iya tsallakawa yau.

Duk da haka ba zan ce ka fasa Farin Ruwa ba. Na koma a watan Nuwamba da mota mai tsayin ƙafa, muka ajiye ta inda hanya ta ƙare muka ƙarasa a ƙasa ta cikin kurmi, kuma gani ya kori ji. Ruwan yana saukowa ne daga bakin tsaunukan Filato, daga tsayin da ya kai kusan mita 150, yana bugun dutse yana zama fari fat tun kafin ya iso ƙasa, kuma ana hango shi daga nesa tun ana cikin tafiya. Sai dai tafiyar ƙafar tana da ɗan nisa, ban ba da shawarar a je da dattijo ko mai ciwon gwiwa ba. Idan kana son abin da ba zai wahalar da yara ba, Assop tana nan a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Akwanga zuwa Jos, kusa da Hawan Kibo, kuma Matsirga tana kusa da Kafanchan. Waɗannan ba su kai Farin Ruwa tsayi ba, amma za ka gan su ka kuma isa masauki da sauran rana. A kudu akwai Erin Ijesha a Jihar Osun mai hawa 7, wadda yawancin mutane suke tsayawa a hawa na farko ko na biyu, da Agbokim kusa da Ikom a Jihar Kuros Riba.

Tun da na ambaci Hawan Kibo, don Allah ka kula da birki. Yawancinmu mun saba da tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai mu hau gangara mai tsawo mu ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birkin yakan yi zafi, ka fara jin ƙaurinsa, daga nan sai ka taka ka ji ya yi laushi ba ya kamawa. Ka sa mota a ƙaramar giya tun kafin ka fara sauka, ka bar injin ya riƙe ta, birki kuma ka riƙa taɓa shi kana saki. Kada ka manne wa bayan babbar mota a hawa, kada kuma ka yarda ta manne maka a gangara. Wannan ya fi muhimmanci idan ka yi niyyar hanyar da a wurina babu kamarta, wato hawan Mambila a Jihar Taraba. Ana bi ta Bali da Serti, a fara hawa daga Mayo Selbe, hanyar tana lanƙwasa a jikin dutse har a fito kan tudun da ya kai wajen mita 1,600, a wuce Nguroje a isa Gembu. Ka fara hawan cikin zafi, ka ƙare shi kana neman rigar sanyi, ciyawa kore shar ta lulluɓe tuddai iya ganinka, wani lokaci hazo ya sauko ya rufe hanya har ka daina ganin abin da ke gabanka. Idan hakan ta faru ka samu wuri mai faɗi ka tsaya, ka kunna fitilu, ka jira. Hawan Obudu ma yana da kyau, kilomita 11 ne na kwana-kwana, amma gajere ne idan aka kwatanta da Mambila. Kowace ka zaɓa, ka cika tanki a babban gari na ƙarshe, ka duba safaya da jak, ka ɗauki igiyar jan mota, ka tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum halin tsaronta a wannan makon, kuma kada magariba ta same ka a kan titi.

A bakin ruwan ma akwai abin lura, kuma nan ne nake ganin iyaye suna sakaci. Dutsen da feshi yake jiƙawa kullum yana da gansakuka mai santsi wadda ido ba ya gani sosai, kuma masu neman hoto su ne suka fi matsawa baki. Gindin magangara, inda ruwan yake faɗawa, ya fi ko'ina haɗari ko ga gwanin iyo, saboda ruwan da ya cika da kumfa ba ya ɗaukar jiki yadda ruwa kwantacce yake yi, sannan yana juyawa yana mai da mutum ƙarƙashin inda yake zubowa. Idan ka ga ruwan ya fara canza launi yana kawo ganye da itace, ka kwashe yara ku hau sama nan take, ko da rana tana haske a inda kuke.

Ka ce wata rana kana son ka fita ƙasar waje, to can ma dokar duba wata tana nan, sai dai lissafin ya sha bamban. Magangarar Biktoriya a kan kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, faɗinta ya kai kusan mita 1,700, tsayinta kuma mita 108. Daminar can tana kamawa ne daga Nuwamba zuwa Maris, ambaliyar kuma takan iso magangarar wajen Afrilu, lokacin da feshin yake yawa har ya hana ka ganin ruwan sosai. A Oktoba da Nuwamba kuwa ɓangaren Zambiya yakan kusan ƙafewa, mutum ya biya kuɗin jirgi ya je ya tsaya yana kallon bangon dutse, alhali ɓangaren Zimbabuwe yana da ruwa duk shekara. Daga Yuni zuwa Agusta ake samun ruwa da gani a tare, kuma gadar da aka kammala a 1905 tana haɗa ƙasashen biyu, don haka ka nemi izinin shiga da zai ba ka damar ganin ɓangarorin biyu. A Habasha akwai Tis Isat a kan Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 30 daga Bahir Dar, wadda tashar lantarki take karkatar da ruwanta, shi ya sa mutane da yawa suke dawowa da ƙorafi idan ba bayan damina suka je ba, wato wajen Satumba da Oktoba. Ta Murchison a Yuganda ba ta cika ba mutum kunya ba, domin a can kogin Nilu yake matsewa ta wani tsagi mai faɗin mita 7 kacal ya faɗa ƙasa mita 43.

Ba ka faɗi watan da hutun naka zai kama ba. Idan Disamba ne ko Janairu, Farin Ruwa za ta fi sauƙin kaiwa ko da ruwan ya ragu, kuma lokacin hawan Mambila ne mai kyau, sai dai ƙurar hunturu takan rage nisan abin da ake hangowa. Idan Agusta ne, ka tsaya kan Gurara da Assop waɗanda ba su da nisa da kwalta, ku kalle su daga sama, ka ajiye Farin Ruwa sai hanya ta bushe.